Suna ganin lambarka, amma sun san kai ne? Fashin baƙi kan tallar yaƙi da satar fim

Duk wanda ya taɓa sayen faifan DVD na asali a tsakiyar shekarun 2000 ba zai rasa tuna wannan tallar ba. Kiɗa mai bugun ƙirji, hoto yana rawa kamar an ɗauke shi a guje, wata yarinya zaune gaban kwamfuta tana sauke fim. Sai a nuno wani yana ɓalle ƙofar mota, wani ya wafce jakar wata mata, wani ya sungumi talabijin, wani kuma ya soke faifai cikin riga a kanti. Tsakanin kowane hoto rubutu yana faɗowa: ba za ka saci mota ba, ba za ka saci jaka ba, ba za ka saci talabijin ba. A ƙarshe a ce maka sauke fim ɗin sata ma sata ce. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka, MPAA, ita ce ta fito da tallar a 2004, aka kuma baza ta a gidajen sinima da faya-fayai a ƙasashe da dama.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita a lokacin shi ne, a faya-fayai da yawa ko ka danna maɓallin tsallakewa ba ya aiki. Dole ka zauna a yi maka wa'azin sata, alhali kai ne ka cire kuɗinka ka saya. Shi kuwa wanda aka yi wa'azin dominsa bai taɓa ganinta ba, don mai kwafar faifan tun farko ya yanke ta ya yar. An bar jaki ana dukan taiki.

Irin wannan talla tana ɗauke da magana biyu. Ta farko ita ce abin da kake yi sata ne. Ta biyu, wadda wani lokaci ake faɗa ƙarara wani lokaci kuma a bar ka ka ji ta a jikinka, ita ce muna ganinka, kuma za mu kama ka. Ta farkon ba za ta ɗauke mu dogon lokaci ba. Kwafar fim ba da izini ba karya doka ce a kusan ko'ina, babu ja a kan wannan, amma a wurin lauyoyi sunanta keta haƙƙin mallaka. Tun 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta bambanta ta da satar kaya, saboda wanda aka sace wa mota ya wayi gari babu mota, wanda aka kwafi fim ɗinsa kuwa fim ɗin yana hannunsa. Abin da ya rasa shi ne cinikin da wataƙila zai yi. Masana'antar ma ta saba da zuzuta barazana. A 1982 Jack Valenti, shugaban MPAA na wancan zamani, ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka ya kwatanta na'urar bidiyo mai kaset da wani maƙashi da ya addabi matan birnin Boston. Bayan shekara biyu kotu ta halatta na'urar, kuma ba a jima ba sayar da kaset ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanonin da suka nemi a hana ta.

Magana ta biyu ce ke buƙatar a zauna a warware ta, domin rabinta gaskiya ce tsagwaronta, rabi kuma cika baki.

Mu fara da inda gaskiyar take. Hanyar da ta fi shahara wajen musayar finafinai ita ce BitTorrent, wadda Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001. Dabararta ita ce babu wata babbar kwamfuta guda da kowa ke zuwa ɗiba a wurinta. Ana yanka fim ɗin gutsi-gutsi, ɗaruruwa ko dubbai, sai kwamfutarka ta karɓi wannan gutsuren daga wani a wata ƙasa, ta karɓi wancan daga wani a wata nahiya, a lokaci guda kuma tana miƙa wa wasu waɗanda ta riga ta samu. To, don wannan musaya ta yiwu, dole kowace kwamfuta ta san inda za ta sami 'yar'uwarta, wato adireshinta na IP, lambar da kamfanin intanet ya ba layinka. Ba wani sirri ba ne. Wanda ya buɗe manhajar ya latsa sashen da ke nuna abokan musaya zai ga jerin lambobi suna hawa suna sauka, sau da yawa kowace da 'yar tutar ƙasarta a gefe, da kashi nawa na fim ɗin mai ita ya samu. Yadda yake ganin nasu, haka suke ganin tasa.

Don haka kamfanonin da ake ɗauka haya su sa ido ba sa buƙatar yin kutse a kwamfutar kowa. Shiga cikin taron kawai suke yi kamar kowane mai neman fim, su zauna suna rubuta lamba, da sunan fayil, da kwanan wata, da lokaci har zuwa daƙiƙa. A 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila, ƙarƙashin Tom Chothia, sun gano cewa wanda ya shiga musayar ɗaya daga cikin fayilolin da suka fi tashe, a cikin kimanin awa uku wani mai sa ido ya riga ya rubuta lambarsa. Ga kuma wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a wannan tsari babu mai saukewa zalla. Muddin kana karɓa, kana bayarwa. Shi ya sa wasiƙun lauyoyi ba kasafai suke tsayawa kan cewa ka kalli fim ba. Zargin da suke yi shi ne ka rarraba shi ga duniya, wanda a doka ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Rubuta lambar ma iri biyu ne. Akwai na ganganci, inda mai sa ido zai tambayi kwamfutar da ke haɗa masu musaya ta ba shi jerin waɗanda ke ciki, ya kwafe ya tafi, bai tabbatar ko suna da fim ɗin ba. Akwai kuma na tsanaki, inda zai haɗu da kwamfutar mutum kai tsaye ya karɓi gutsure guda daga gare ta, ya gwada ya ga lallai na fim ɗin ne. Illar na farkon ta fito fili a 2008, lokacin da masu bincike a Jami'ar Washington suka nuna cewa ana iya cusa lambar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba cikin irin wannan jeri. Sun gwada da lambobin na'urorin jami'ar, sai ga takardun gargaɗi suna zuwa suna zargin na'urorin buga takardu da sauke finafinai. Firinta, wadda ko allo ba ta da shi balle ta kalli fim.

Amma a ce an yi aikin da tsanaki, lambar ta tabbata. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Lamba ba suna ba ce, kuma wanda kaɗai ya san layin wa ke riƙe da ita a wannan daƙiƙar shi ne kamfanin intanet. Yawancin layukan gida lambarsu tana canzawa, wadda take hannunka da safe tana iya komawa hannun wani da yamma, don haka kuskuren 'yan mintuna a agogo, ko ruɗewa kan lokacin wace ƙasa aka rubuta, ya isa ya kai wasiƙa gidan da ba shi ba. Ga kuma ƙarancin lambobin kansu. Tsohon tsarin IP lambobi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, ba su ishi na'urorin duniya ba, shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman na wayar hannu, suke cusa ɗimbin masu amfani a bayan lamba guda. A irin wannan hali, lambar da mai sa ido ya rubuta tana nuna taron jama'a ne, sai in kamfanin ya ajiye ƙarin bayanai dalla-dalla kafin a iya ware mutum ɗaya.

Kamfanin intanet kuma ba ya miƙa sunan abokin cinikinsa don wani ya aiko da takarda. A Amurka ƙungiyar kamfanonin waƙa, RIAA, ta so ta yi amfani da wata gajeriyar hanya a dokar DMCA ta 1998 ta karɓi sunaye ba tare da shigar da ƙara ba, kamfanin Verizon ya ƙi, kuma a ƙarshen 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Daga nan aka koma shigar da ƙara a kan mutanen da ba a san sunansu ba, sai alƙali ya ba da umarni kafin a buɗe rajista. A Switzerland ma abin ya fi haka: a 2010 babbar kotun ƙasar ta ce tattara lambobin da wani kamfanin sa ido ke yi ya saɓa wa dokar kare bayanan mutane.

To, an samu suna. Sunan wa? Na wanda ke biyan kuɗin layi. A gida guda akwai miji da mata da yara da baƙon da aka ba lambar sirrin Wi-Fi, da maƙwabcin da ya tsinci layin a buɗe. Wata shari'a da ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 2018 ta nuna wannan sarai. An kai wani mutum ƙara saboda layin da ke da sunansa an sauke fim da shi, sai ta bayyana cewa layin na wani gidan kula da marasa ƙarfi ne da yake gudanarwa, mazauna da ma'aikata da masu ziyara duk suna hawa. Kotun ta ce kasancewarka mai layi kaɗai bai isa hujjar cewa kai ka aikata ba. Don a cike wannan giɓin sai an nemi izinin bincikar kwamfutar mutum, ko shi da kansa ya amsa laifi. Duka biyun suna cin kuɗi da lokaci fiye da kuɗin tikitin sinima sau dubbai.

Ai kuwa shi ya sa akasarin waɗannan ƙararraki ba a shigar da su don a kai ƙarshe ba. Dokar Amurka ta ba mai haƙƙi damar neman diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki guda, har zuwa 150,000 in an tabbatar da gangan aka yi. Akwai wata mata a jihar Minnesota da aka yanke wa biyan dala 222,000 a kan waƙoƙi 24. Da irin wannan adadi a saman takarda, sai lauya ya rubuto cewa in ka biya 'yan dubbai yau a rufe magana. Mutane da yawa suna biya ko da ba su yi ba, don ɗaukar lauya ya fi tsada. RIAA ta bi mutane kusan 35,000 tsakanin 2003 da 2008 kafin ta haƙura da wannan hanya, bayan ta sha baƙin jini. Wasu kuma suka mai da abin sana'a. Lauyoyin wani ofishi da ake kira Prenda Law su da kansu suka riƙa ɗora finafinan batsa a shafukan musaya, su jira mutane su sauke, sannan su aika musu da barazanar tona asiri a kotu. Sun tara kimanin dala miliyan 6 da wannan tarko. A 2019 aka ɗaure ɗaya daga cikinsu, Paul Hansmeier, shekara 14, abokinsa John Steele kuma shekara 5.

Wani alƙali a Ostareliya, Nye Perram, ya nuna yadda ake taka wa irin wannan birki. A 2015 masu wani fim na Amurka suka nemi sunayen masu layuka 4,726. Ya amince bisa ƙa'ida, amma ya ce sai ya ga wasiƙar da za su aika da kuɗin da za su nema tukuna. Da ya ga lissafin nasu ya wuce gona da iri, sai ya taƙaita abin da za su iya nema, ya kuma ce su ajiye dalar Ostareliya 600,000 a kotu a matsayin jingina. A farkon 2016 suka janye, ko suna ɗaya ba su karɓa ba.

Gwamnatoci sun gwada tasu hanyar, wato gargaɗi mataki-mataki. Faransa ce ta fi kowa nisa da hukumar HADOPI da ta kafa a 2009: saƙon imel na farko, wasiƙa ta biyu, na uku a miƙa ka ga mai gabatar da ƙara. Wayon da dokar ta yi shi ne ta kauce wa tambayar wa ya sauke. Laifin da ake tuhumar mai layi da shi shi ne sakaci wajen tsare layinsa, tarar kuma tana iya kai yuro 1,500. An aika miliyoyin gargaɗi, amma mutum ɗaya tak aka taɓa yanke wa hukuncin katse intanet, na kwana 15, kuma a 2013 aka soke wannan hukuncin. A farkon 2022 aka narkar da hukumar cikin wata sabuwa mai suna Arcom. A Amurka kuwa kamfanonin intanet da na fim da waƙa ne suka yi nasu tsarin mai gargaɗi shida daga 2013, aka rufe shi a 2017 ba tare da wani ya yi kewarsa ba.

Kafin duk wannan ya gama kankama, jama'a sun riga sun yi ƙaura. Yau yawancin masu kallon fim ɗin sata ba sa sauke komai, shafi suke buɗewa su danna su kalla, ko su biya wani ɗan kuɗi a haɗa musu tashoshi a akwatin talabijin. A nan babu taron da mai sa ido zai shiga ya rubuta lambobi. Masu ganin mai kallo su ne mai shafin, da kamfanin intanet ɗinsa wanda ya san shafin da aka ziyarta amma galibi bai san abin da aka kalla a ciki ba, sai kuma masu cusa tallace-tallace da manhajojin leƙen asiri a shafin, waɗanda in gaskiya za a faɗa sun fi duk wani kamfanin fim bibiyarsa. Wannan ba ya nufin kallon ya halatta. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2017 cewa kallo daga tushen da mutum ya san haramtacce ne ba ya cikin abin da doka ta yafe. Kamawar ce dai ta yi wuya.

Saboda haka aka juya kan masu shafukan, kuma abin da ke tona musu asiri ba kasafai yake zama wata gagarumar fasaha ba. A 2016 aka kama Artem Vaulin a Poland bisa zargin shi ne mai KickassTorrents, shafin musayar finafinan sata da ya fi kowane girma a lokacin. Cikin hujjojin da masu binciken Amurka suka gabatar akwai wannan: lambar IP ɗin da aka yi sayayya da ita a iTunes, kantin waƙa da fim na kamfanin Apple, da asusunsa, ita ce aka shiga shafin KickassTorrents na Facebook da ita a rana guda. Mutumin da ake zargi da raba wa duniya kaya kyauta, sayen halal ne ya nuna inda yake. Masu kallo ma yanzu ta hanyar kuɗi ake cim musu. A Italiya, bayan an kama masu sayar da tashoshin sata aka samu rajistar abokan cinikinsu, a 2025 an ci tarar sama da mutum 2,000, mafi ƙaranci yuro 154. Wanda ya biya da katin banki ya rubuta sunansa da hannunsa, ba sai an yi wahalar fassara wata lamba ba. Hatta VPN, manhajar ɓoye lambar IP da ake ta tallatawa a matsayin layar zana, abin da take yi shi ne ɗauke amanarka daga kamfanin intanet ta damƙa wa wani kamfanin, wanda ko yana ajiye bayanai ko ba ya ajiyewa, maganarsa kawai kake da ita.

Akwai wata bibiyar da ta fi duk waɗannan inganci, sai dai ba mai saukewa take nema ba, mafarin ɓarakar take nema. Ana saka alamar ɓoye a cikin hoto ko sautin fim, wadda ido da kunne ba sa kamawa amma tana bin kowane kwafi. Majigin sinima na zamani yana buga irin wannan alama da ke nuna na'urar da aka haska fim ɗin da ita da kuma lokacin, ta yadda ko da waya aka ɗauka daga kujerar baya za a san zauren da daren. Da irin wannan alama a kwafin da ake aika wa masu zaɓen kyautar Oscar aka gano ɗan wasan fim Carmine Caridi a 2004, wanda yake ba wani abokinsa nasa kwafin, suka ƙare a intanet. Korarsa aka yi daga ƙungiyar masu zaɓen.

In aka haɗa wannan duka, za a ga amfanin tallar a wurin masu ita. Ganin lamba abu ne mai arha, kai mutum guda gaban alƙali da hujja kuwa abu ne mai tsada, kuma masu yi miliyoyi ne. Tsoro ne ake so ya yi aikin da kotu ba za ta iya ba. Ko yana yi? Wani bincike da Kate Whitman da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Portsmouth, aka wallafa a 2024, ya gano cewa saƙon barazana ya rage niyyar satar fasaha a wurin mata da fiye da rabi, amma a wurin maza ƙara ta ya yi da kashi 18 cikin ɗari. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya taɓa hana matashi abu da tsawa ya san yadda ake ƙarewa. Masana'antar fim ta Birtaniya ta fahimci haka tun da wuri, ta bar zagi ta koma tallar gode wa wanda ya biya. Japan kuwa, inda tun 2012 sauke fim ɗin sata zai iya jawo ɗaurin shekara biyu ko tarar yen miliyan 2, ta zaɓi barkwanci: tun 2007 ake nuna wani mutum sanye da kwat, kansa kyamara, yana rawa kafin a fara fim, har ya zama abin so ana sayar da 'yar tsanarsa.

Ita kuwa tallar motar, tsugune ba ta ƙare mata ba. A 2025 wasu masu bin ƙwaƙƙwafi suka tono wata tsohuwar takardar kamfen ɗin daga ma'ajiyar shafukan intanet, suka duba irin haruffan da aka yi rubutun da su. Kowa ya ɗauka salon FF Confidential ne, wanda Just van Rossum ɗan ƙasar Holan ya zana a farkon shekarun 1990, ana kuma sayar da lasisinsa. Sai sunan da ya fito a cikin takardar ya zama XBand Rough, kwafin wancan salon da aka yi ba da izini ba, yake yawo kyauta. Babu wata shaida cewa waɗanda suka tsara tallar sun san haka. Mai yiwuwa wani mai zane ne ya tsinci haruffan a kwamfutarsa ya yi amfani da su, kamar yadda yarinyar cikin tallar ta tsinci fim. Mai dokar barci dai ya ɓuge da gyangyaɗi. Da aka tambayi van Rossum, cewa ya yi ya daɗe da sanin an kwafi haruffansa, bai dai san kwafin aka yi kamfen ɗin da shi ba, kuma abin dariya ya ba shi.